Hannu Biyu a Kan Sanda

A gidanmu ba a gardamar siyasa, ba a ta ƙwallo. Gardamar jirgin sama ake yi, kuma da cokali a hannu ake yin ta, har abinci ya huce Mama ta fara kwashe kwanuka da ƙarfi don a san ranta ya ɓaci.

Manyan kamfanonin da ke ƙera jiragen fasinja biyu ne, amma a teburinmu ba wanda ke kiran su da sunayensu na takarda. Akwai Mai Ƙaho, akwai Mai Sanda. Mai Ƙaho shi ne jirgin da abin tuƙinsa ke tsaye tsakanin gwiwoyin matuƙi, da mariƙi biyu irin ƙahon bijimi. Mai Sanda kuwa wata 'yar sanda ce kawai gare shi a gefen kujera, ko tsawon ludayi ba ta kai ba, da hannu ɗaya ake juya ta. Gaban matuƙinsa fili ne fetal, har da ɗan tebur da ake janyowa in an so.

Kamfanin da muke wa aiki yana da iri biyun. Baba kyaftin ne a Mai Ƙaho tun ban san hagu da dama ba. Kawu, ƙanen Mama, kyaftin ne a Mai Sanda, kuma shi ke koyar da matuƙa. Ni ce ta uku, mataimakiyar matuƙi a Mai Ƙaho, mai zama a kujerar dama. Wato dai a jam'iyyar Baba aka haife ni, ba wanda ya nemi ra'ayina.

"Akawu," haka Baba ke kiran Kawu saboda teburin nan. "Kai fa ba tuƙi kake yi ba, roƙon kwamfuta kake yi. Ka ce mata, ranki ya daɗe, ina so in karkata dama, ita kuma ta duba ta ga ko ka cancanta."

"Makiyayi," Kawu zai amsa yana ɓare lemo a natse, "ni dai a kan tebur nake cin abincina kamar ɗan Adam. Kai fa? Faranti a cinya, ƙaho a ciki, miya a wando. Yaya, gaya masa wando nawa kika jiƙa saboda jirginsa."

"Ni ku cire ni a ciki," in ji Mama. "Wanda ya dawo min da ku gida, shi ne nawa."

In Kawu ya matsa masa lamba, sai Baba ya zaro babban makaminsa. A Mai Ƙaho, ƙahon kyaftin da na mataimaki a haɗe suke ta ƙarƙashi, in ɗaya ya ja nasa na ɗayan ma sai ya motsa. A Mai Sanda kuwa kowa da tasa, ko ka murɗa taka har ƙarshe ta abokinka tana nan tsaye ƙiƙam.

"Jirgin ƙwarai yana magana da matuƙinsa ta tafin hannu," Baba zai ce yana ɗaga cokali sama. "Uwata, gaya masa."

Uwata yake kira na a gida, don sunan mahaifiyarsa aka sa min. A ɗakin tuƙi kuwa Mataimakiya nake, ba ƙari ba ragi. Ni kuma da gaskiyata nake goya masa baya, domin na sha jin maganar nan da hannuna. In na zo sauka, ƙasa ta matso, nakan ji wata 'yar rawa a ƙahon, siririya, kamar bugun zuciyar ɗan tsako in ka riƙe shi. Ba kullum take zuwa ba, amma ranar da ta zo saukar takan yi kyau.

"Rawa?" in ji Kawu ranar da na gaya masa. "Ni ma fa na tuƙa Mai Ƙahon nan kafin Allah ya shirye ni. Ban taɓa jin ya yi rawa ba sai in gargaɗi yake yi, wannan kuwa girgiza ce da za ta kwance maka agogo."

"Ai ba da kowa yake magana ba," in ji Baba. "Yana zaɓen mutane."

Saukata ce ta jawo min suna. Shugabar ma'aikatan cikin jirgi, wata mata mai baki da kowa ke kira Anti, ita ta fara ce min Auduga, wai in na sauke jirgi sai fasinja ya leƙa taga kafin ya yarda an iso. Sunan ya bi ni har wurin masu zuba mai da masu lodin kaya. Na ji daɗinsa ƙwarai, har tafiyata sai da ta canza.

Wata rana a ɗakin hutun matuƙa, ina bayan firji ina haɗa shayi, na ji wani mataimaki ɗan'uwana yana cewa, "Auduga ce in Babanta na gefe. In ba ya nan, buhun siminti ce kamar kowa." Aka kwashe da dariya. Na fito da kofina na zauna a tsakiyarsu, na shanye shayin nan da zafinsa ina kallon su ɗaya bayan ɗaya har ɗakin ya watse. Harshena ya daɗe yana zogi, amma ban bari sun gani ba.

Abin haushin shi ne, da na zauna na yi tunani, maganar ba ƙarya ba ce gaba ɗaya. Da sauran kyaftin-kyaftin saukata lafiya lau take, amma ba fasinjan da ya taɓa leƙa taga. Na tare Baba na tambaye shi kai tsaye ko yana sa min hannu.

"Ni? Hannuna a kan gwiwata yake. Ki riƙa dubawa mana."

Ya san ba zan iya ba. Mai saukar da jirgi idonsa na kan titin sauka, ba shi da zarafin leƙen hannun wani. Haka na zauna da abin yana ci na. Ga shi an fara raɗe-raɗin nan gaba kaɗan za a duba ni don kujerar hagu, kujerar kyaftin, inda babu wani Baba a gefe. Ni kuwa ban san ko sunan da nake taƙama da shi nawa ne ko aro aka ba ni ba.

Ana cikin haka kamfani ya sanar zai sallami Masu Ƙahonsa duka, ya cike gurbinsu da Masu Sanda. Duk matuƙin da ke son ci gaba da aiki sai ya koma aji. Baba saura masa kaɗan ya yi ritaya, don haka kowa ya ɗauka zai ajiye aiki ya huta. Mama har ta sayo masa kujerar kwanciya ta ajiye a baranda, da tiyon ban ruwan fulawa.

Kawu ya zo yi masa jaje, bakinsa har kunne. Baba ya bari sai da Kawu ya kai kofi baki sannan ya ce, "Na ba da sunana. Zan koyi sandar taku."

Kawu ya ƙware, sai da Mama ta bubbuga masa baya.

"Kai? A ajina?"

"Abin da akawu ya iya ai ba zai gagari matuƙi ba. Kuma na ce a haɗa ni da Uwata."

Bibbiyu ake koyon sabon jirgi, kyaftin da mataimaki, a cikin wata na'ura da muke kira Akwati. Ɗaki ne fari a kan dogayen ƙafafun ƙarfe, cikinsa ɗakin tuƙi sak, da tagogin da ke nuna titi da gajimare na ƙarya. Yana karkata, yana girgiza, in ka buga shi da ƙasa ƙugunka zai gaya maka. Malami yakan zauna a baya da allonsa, yana aiko maka da duk masifar da ya ga dama. Kawu kuwa ya daɗe yana mafarkin ranar da zai zauna a bayan Baba da allon nan.

Ranar farko Baba ya zauna, ya miƙa hannu biyu gabansa ya kama iska. Ya dubi gurbin ƙahon kamar wanda ya dawo gida ya tarar an cire masa ƙofa. Ya janyo teburin da yatsa ɗaya, ya harare shi, ya mayar.

"Wannan na guga ne ko na yankan albasa?"

"Za ka so shi," in ji Kawu.

"Allah ya kiyaye."

Ba a jima ba na ga ya shimfiɗa takardunsa a kai, ya ɗora tabarau, har da dafa shi da gwiwar hannu. Da ya ga ina kallo sai ya ce yana amfani da shi ne don kada ya yi tsatsa.

Gaskiya Baba ya ba ni mamaki. Kawu ya kashe masa inji, ya kunna masa gobara, ya lulluɓe masa titi da gajimare, Baba ya bi da su ɗaya bayan ɗaya yana gunaguni. Ya ce riƙe sandar nan kamar gaisawa da marar lafiya ne. Ya ce jirgin ya cika iyayi, in ka karkata shi ka saki sai ya tsaya inda ka bar shi yana jiran a yaba masa. Amma ya sauke shi tsaf, har Kawu ya rasa ta cewa ya koma goge tabarau.

Sai aka zo kaina. Na daidaita jirgi da titi, komai lafiya. Muryar da ke cikin jirgin, wata murya ta namiji marar fara'a, ta fara ƙirga mana tazarar da ta rage zuwa ƙasa. Na ja sanda baya kaɗan yadda aka koya min. Sai hancin jirgi ya ɗaga fiye da abin da na nema, muka yi sama maimakon ƙasa, muryar nan ta daka tsawa da Turanci cewa hannu biyu ne a kan sanda. Muka yi ta shawagi a saman titi, sannan muka faɗo tim, har allon Kawu ya zame daga cinyarsa.

"Makiyayi," in ji Kawu daga baya, "wa ya kira ka?"

"Gwiwata ce ta taɓa."

"Gwiwarka yatsu gare ta?"

"Wurin ne ya matse. Don gajerun mutane aka ƙera shi."

Aka sake daga farko. Muna dab da ƙasa muryar ta sake kwarmata shi. Wannan karon Baba ya ce hannun rigarsa ne ya maƙale. A karo na gaba sai ya ɗaga kai yana nazarin maɓallan rufi kamar yau ya fara ganin su.

Kawu ya tsayar da Akwati, ya kunna fitila. Dariyar ta bar fuskarsa.

"Kyaftin," ya ce, kuma ban taɓa jin ya kira shi haka ba, "a jirginka na da, in ka ɗora yatsa ka gyara mata kaɗan, ƙaho ɗaya kuke riƙe da shi, ba wanda zai sani. Wannan ba ya rufa asiri. In ta ja, ka ja, haɗa nata da naka yake yi ya ba ku duka, sannan ya kai ƙararka da babbar murya. Ga jan maɓalli nan a kan sandarka. In ka ga abin da bai yi maka ba, danna shi, ka ce jirgi yana hannunka kowa ya ji, ita kuma ta saki. In ba haka ba, ka bar mata kayanta. Babu hanya ta uku."

Ni dai kunnuwana sun yi zafi. Ashe mai maganar siminti ya fi ni sanin kaina. Duk fasinjan da ya taɓa leƙa taga, Baba ya kamata ya gode wa. Na ji kunya, na ji haushi, kuma abin da ya fi ci min rai shi ne kwamfuta ce ta gaya min gaskiya, ba ubana ba.

Da muka koma gida na wuce kicin, na tarar da Mama tana yanka albasa. Na zayyana mata komai, har da yadda jirgin ke haɗa jan mutum biyu, ina jira ta tausaya min. Sai ta ajiye wuƙa ta yi ta dariya tana share ido da bayan hannu.

"Gishiri!" ta ce. "Wallahi gishiri ne. Ina amarya, in na sa gishiri na juya baya, sai Babanki ya lallaɓo ya ƙara ɗan kaɗan, wai taimako. Ni ban sani ba, shi bai faɗa ba. Na daɗe ina zargin hannuna, har kuka na yi a ɓoye. Sai ranar da na kama shi da murfin tukunya a hannu."

"Me kika yi masa?"

"Na juye masa abincin shi kaɗai, na zauna ina kallo har ya cinye. Ina ma a lokacin akwai tukunya mai ihu irin jirgin kawunki."

"Mama, ni fa ba abin dariya ba ne a wurina."

"Na sani." Ta ɗauki wuƙarta. "Ni ma a lokacin ban yi dariya ba. Je ki same shi, yana baranda. Tun da aka kawo kujerar nan bai taɓa zama a kanta ba sai yau."

Na same shi kwance a kujerar ritayar, takalmi a ƙafa, ya ƙura wa tiyo ido.

"Tun yaushe?" na ce.

"Uwata, zauna mana."

"A tsaye zan ji. Tun yaushe?"

"Ba wani abu ba ne fa. Yatsa biyu ne. Wani lokacin ma ba na ja, ɗorawa kawai nake yi."

"Kuma ka ce min hannunka na kan gwiwa."

"Ɗayan yana kan gwiwa."

Saura kaɗan dariya ta kuɓuce min, abin da ya ƙara min haushi ke nan. Na ce, "Baba, in ka ga ban iya ba, ka danna jan maɓallin, zan saki, ba zan yi fushi ba, kai ne kyaftin. Amma in muryar nan ta sake kiran hannu biyu muna tare, zan je ofishin masu tsara aiki in ce kada a ƙara haɗa mu har ka yi ritaya."

Ya tashi zaune. Na ga maganar ta shige shi, domin ni da shi mun san ba son sanda ne ya mayar da shi aji da furfurarsa ba.

"Ba raina ki na yi ba," ya ce. "Kin iya. Na san kin iya tun kafin ke ki sani."

"To mene ne?"

Ya daɗe yana juya tafin hannunsa yana kallo. "A wancan jirgin ina jin inda kike. In kin gaji, ƙaho zai gaya min. In ranki a ɓace yake, zan ji. A wannan kuwa kina can, ina nan, ki juya taki yadda kika so, tawa ko motsi. Sai dai in zauna kamar fasinja in jira ƙasa ta gaya min abin da 'yata ta yi." Ya yi tsaki. "Wanda ya ƙera jirgin nan ba shi da 'ya'ya."

Tausayinsa ya kama ni, amma ban janye ko kalma ɗaya ba. Taurin kan nan ba a kasuwa na sayo shi ba.

A sauran zamanmu na Akwati muryar ba ta sake kama shi ba. Kawu ya yi ta yawo yana cewa ya shiryar da makiyayi. Ni ban yi murna ba. Akwati ƙarya ce, kowa ya sani, ko ka kife shi za ka buɗe ƙofa ka je ka sha shayi. Muka ci jarrabawa, aka raba mu, kowa ya yi ta tashi da malamai a jirgin gaske har aka sallame shi. Na saba da sandar, na ma fara son ta a ɓoye, don wuyan hannu kawai take nema kuma ba ta tokare wa mutum ciki. Saukata kuwa ta koma irin ta kowa, wata ta yi laushi, wata ta yi ƙara. Anti ta ci gaba da kira na Auduga, amma in ta faɗa sai in ji kamar da wata take.

Sannan aka haɗa ni da Baba. Zuwa da dawowa ne, kuma yadda ake yi shi ne a raba, ɗaya ya tuƙa zuwa, ɗaya ya tuƙa dawowa. Baba ya kai mu lafiya. Ya ci abincin rana a kan teburin da ya ce na guga ne, har da shimfiɗa hankici. A hanyar dawowa masu hasumiyar filin jirgi suka gaya mana hadari ya riga mu isa gida. Ruwa ake yi a filin, titi ya jiƙe, iska kuma ta gefe take bugowa, tana zuwa tana ɗaukewa.

Baba ya rubuta ƙarfin iskar, ya duba, ya sake dubawa. Bai wuce abin da aka yarda mataimaki ya sauka da shi ba, amma ya matso kusa. Da zai ce ya karɓa, ba mai ganin laifinsa, ni ma ba zan ce komai ba.

"Mataimakiya," ya ce, "kin ji iskar?"

"Na ji, Kyaftin."

"Titi da ruwa."

"Na ji."

Ya mayar da teburinsa, ya gyara zama, ya ja bel ɗinsa har ya yi ƙara. "To. Saukarki ce."

Muka shiga gajimare, ruwa ya fara dukan gilashi. Da muka ɓullo ta ƙasansa sai ga titi, amma ta gefen gilashi yake, domin hancin jirgi ya juya yana fuskantar iska, a karkace muke tafiya. Haka ake yi, sai dab da ƙasa ake miƙe shi da ƙafa. Na karɓi tuƙi daga kwamfuta. Iska ta ɗaga fiffiken dama, na mayar da shi. Ta sake mu muka nutse kaɗan, na tare. Baba yana kiran gudu da tsayi da muryar aiki, kamar mai karanta labarai a rediyo.

Muryar jirgin ta fara ƙirga. Da malamai ban taɓa neman 'yar rawar nan ba, amma yau da Baba ke gefe, tafin hannuna ya neme ta da kansa, yadda harshe ke neman haƙorin da aka cire. Babu ita. Sandar ba ta ce min komai ba. Ban taɓa jin kaɗaici irin na lokacin nan ba, ga ubana kuwa in na miƙa hannu zan taɓa shi. Sai kuma wani abu ya saki a ƙirjina. In babu kowa a kan sandar nan sai ni, to duk abin da ya faru nawa ne.

Na ja kaɗan, na rage wuta, na taka ƙafa na miƙe hanci da titi. A titi mai ruwa ba a lallaɓa tayoyi, dasa su ake yi don su huda ruwan su kama ƙasa. Na kuwa dasa su. Dum! Wani abu ya faɗi a kicin ɗin jirgi, na ji shi har ta bayan ƙofa. Jirgi ya kama titi ya bi layin tsakiya tiryan-tiryan, injuna suka yi gurnani, gudu ya ragu.

Sai da muka bar titin na lura da abin da ban ji ba. Muryar ta ƙirga tazara, ta ce a rage wuta, ta yi shiru. Ba ta kira hannu biyu ba.

Muka tsaya a wurinmu, muka kashe injuna, muka gama ka'idojin rufewa ba wanda ya kalli wani. Anti ta buɗe ƙofa ta leƙo, da murfin buta a hannu.

"Wa ya sauke mu yau? Wani bawan Allah a baya yana barci ya farka yana tambaya ko mun taka wani abu."

"Ni ce, Anti."

"Auduga! Yau kam kin sha ruwa, kin yi nauyi."

"A titi mai ruwa haka ake sauka," in ji Baba ba tare da ya juyo ba. "Ki gaya wa mai barcin in ji kyaftin. In laushi yake so, ya koma gadonsa."

Anti ta ja ƙofa tana dariya. Sai a lokacin na juya na dube shi. Rigarsa ta jiƙe ta manne masa a baya. Hannunsa na hagu yana kan gwiwa, dab da sandar, ya damƙe wandon har karin gugar ya ɓace. Ya buɗe yatsun a hankali, ɗaya bayan ɗaya.

"Ashe haka kike sauka," ya ce.

"Haka nake sauka. Ta yi ƙara."

"Ta yi ƙara." Ya gyaɗa kai. "Da ni ne da na ja da wuri kaɗan, mu yi ta shawagi iska na wasa da mu. Taki ta fi."

Ya miƙo min hannun dama ta saman maɓallan da ke tsakaninmu, yadda kyaftin ke yi wa abokin aiki. Na kama. Sai na ji ta. 'Yar rawar nan ce, siririya, ita ce sak, wadda na yi shekaru ina ji a ƙaho in ƙasa ta matso, wadda na rantse wa Kawu a kanta. Ga jirgi a tsaye, injuna a kashe, babu ƙaho ko ɗaya a ɗakin.

"Baba," na ce, "jirgin ne ke magana?"

Ya kalli gilashi inda ruwa ke gangarowa. "Uwata, kada ki gaya wa Akawu."

Fasinjoji suna ta fita, muna jin takunsu ta bayan ƙofa. Na ɗora ɗayan hannuna a kan nasa, na riƙe har rawar ta lafa. Hannu biyu ne, amma ba muryar da ta kai ƙararmu.